Tiyar Alhaji Iliyasu

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, Alhaji Iliyasu ya sayi mota. Ya karɓe ta ne a hannun wani Bature da zai bar Damagaram, fara sol, mai turbo, wato wata 'yar na'ura da ke ɗura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. Alhaji bai san me turbo ke yi ba, amma ko gaisuwa aka yi da shi sai ya sako kalmar.

Shi ne sojoji suka damƙa wa mabuɗin sito a Matameye, yana raba dawar agaji duk ranar Laraba da wata tiya tasa da aka buga wa gindi ciki. Kowa ya gani, kowa ya yi gum. Tanko makaniki ma ya gani, shi mai baki tara a gida, ga matarsa Fadima tana dawowa daga layi da abin da ko rabin ƙwarya bai kai ba.

Da sanyi ya shigo, an rufe iyaka, man fetur ya yi wuya, Alhaji ya kawo motar garejin Tanko. Ya ce tana sha kamar raƙumi, a matse mata bis ɗin karbirato, ƙusar da ke auna wa inji mai. Tanko ya cire buji ɗaya, abin da ke ba inji wuta, ya nuna masa, bakinsa launin ƙuli-ƙuli, ya ce haka lafiyayyen inji yake. Ya yi masa bayani dalla-dalla: iskar sanyi nauyi gare ta, turbo kuma ƙara cusa ta yake, saboda haka yanzu ƙarin mai take so. In aka rage, cikinta zai yi zafi har fistan ya narke.

Alhaji ya yi dariya, wai a cikin wannan sanyi mota za ta yi zafi. Sa'annan ya gyara rawani.

"Bana kowa ya rage ciki, Tanko, ita ma ta rage. In ba ka iyawa, ka ce wa Fadima ranar Laraba kada ta wahal da ƙafarta."

Tanko ya ji kamar ya tsinka masa mari da turnabis ɗin murɗa ƙusa da ke hannunsa. Amma baki tara baki tara ne. Ya sunkuya ya murɗa bis ɗin, yana jin kunyar hannunsa. Alhaji ya leƙo, shi da bai san buji da kan sigari ba, ya ce a ƙara. Tanko ya ƙara.

Ranar Litinin da hantsi wani kaftin ya zo duba rabon agaji a Kance. Alhaji ya nace sai dai ya shiga tasa motar, ya bar jif ɗin soja a baya. Kuma don baƙo ya san an shiga turbo, ya taka ta iya ƙarfinsa. Ba su kai rabin hanya ba ta fara ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani, ta yi aman hayaƙi, ta mutu.

Ba a jima ba soja biyu suka ɗauko Tanko a jif. Ya tarar da Alhaji yana ta rantsuwa cewa makaniki ne ya yi masa zagon ƙasa, kaftin kuwa na tsaye, hannu a baya, fuska ba annuri. Tanko ya kwance buji. Fari fat, bakinsa ya cinye.

"Ranka ya daɗe, yunwa ce ta kashe ta," ya ce. "Alhaji ya ce in auna mata da irin tiyar da yake auna mana."

Kaftin ya tambayi wace tiya. Alhaji ya fara tari.

Ranar Laraba wani saje ne ya zauna bakin sito da sabuwar tiya. Motar na nan a gefen hanyar Kance, awaki sun samu inuwa. Fadima ta je da ƙwaryarta ta kullum, aka zuba mata rabon gidansu, ƙwarya ta cika ta zube, sai da ta kwance kallabi ta tare sauran. Ta shigo da shi ta ajiye gaban Tanko. Ya daɗe yana kallon abin da ke cikin kallabin, wanda wata biyar ke nan 'ya'yansa ba su ci ba.