Indararon Gidan Mama Elizabet

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ni kuma ina tsaye a zaurenmu na zuba wa gidan Mama Elizabet ido. Indararon kowa a layin yana ta kwarara, nata ko ɗigo babu. To ina ruwan yake zuwa?

Matata ta sha gaya mini bin diddigi ne zai yi ajalina. Amma ni magini ne, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai. Gidajen ƙasa na tsohon layinmu a Jushi sun girmi ubana, azararsu ta ga damina ta fi tamanin ko gezau. Sai ga shi cikin shekara uku gida huɗu sun zube, kuma duk wanda ya zube, kafin kaka an sauke bulo, an jera shaguna da ɗakunan haya. Mutane suka ce tsufa ne. Wane irin tsufa ne wannan mai bin layi gida-gida?

*

Da ruwa ya ɗauke na saɓa tsani na shiga. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a gidan. Na same ta ta jera kwanoni a ɗaki tana tarar yoyo.

"Toma, kai ne? Ka ga soron nan ya gaji da ni."

"Bari in hau in gani, Mama."

Tafki na tarar a sama, ruwa har idon sawu. Na zura hannu bakin indararo, na zaro buhun siminti. An nannaɗe shi, an cusa, an bi da laka an shafe tsaf. Sauran indararo biyun ma haka. Wannan ba aikin iska ba ne. Ruwa zai kwanta, ya jiƙa ƙasa, ya ruɓar da azara, wata rana soro ya rufta. Na kwaso buhunan na sauko.

"Mama, wa ya hau rufin nan bana?"

"Kefas mana, ɗana. Tun daga Samaru ya zo ya gyara mini kafin ruwa ya sauka. Shi da kullum yake roƙona in koma wurinsa a sayar da nan, ina ƙi, amma ka ga bai yi fushi ba..."

Idonta ya sauka kan buhunan da ke hannuna. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kada ka gaya wa fasto."

"Mama, a ƙarƙashin soron nan fa kike kwana!"

"Na ji. Zo ka kama mini gadon nan, mu kai shi zaure."

"Ai na buɗe su duka, yanzu ba komai."

Ta naɗe katifa, ba ta dube ni ba.

"Ranar Asabar Kefas zai dawo," ta ce. "Kama can."

Muka kinkimo gadon, muka ajiye shi dab da ƙofar fita.