Malam Zulkiflu Ba Ya Juya wa Baƙo Baya

An yi wa Malam Zulkiflu tiyatar hanji ta awa biyar a wani asibiti a Tudun Wada, ya farka lafiya, likita ya ce ran Juma'a sai gida. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kada gyambon kwanciya ya kama shi.

To Malam tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane ladabi da bulala. In ya kwanta ta dama, yana fuskantar bencin 'yan dubiya. In an juya shi hagu, sai bango. Shi kuwa bai ga yadda mutum zai taso tun daga Kwangila da lemo a leda, ya zo ya tarar da ƙeya ba. Da Sista Obianuju, nas ɗin ɗakin, ta juya shi ta fita, sai ya lallaɓa ya koma dama, yana nishi yana amsa gaisuwa.

Ran Laraba Sista ta taɓa ƙugunsa ta ji wurin ya ɗau zafi, fatar ta yi duhu kamar gindin tukunya. Ta gaya masa in ya fashe, ya manta da Juma'a, sai wata mai kamawa.

"Sista, Alhaji Ɗantsoho fa limaminmu ne. In ba shi baya?"

"Baba, in wurin nan ya ɓule, bayan naka zai riƙa gani kullum muna wankewa."

Matarsa Ishatu ta ce ita shekara ashirin da takwas tana kallon wannan bayan a gida, ba wanda ya taɓa ba ta haƙuri. Ta tashi ta sa aka janye gadon daga bango. Tunda Malam ba ya iya juya wa baƙi baya, sai baƙin su bi shi.

Daga ranar, duk awa biyu Sista ta juya Malam, dattawa su tattare babbar riga, su ɗauki benci su zagaya. Liman ma sau biyu yana cicciɓa. Labari ya kai unguwa, kafin la'asar ɗin Alhamis yawancin masoya sun koma gaisuwa ta waya.

Ran Juma'a Sista ta duba ƙugu, fata lafiya lau, aka sallame shi. A Keke Napep, Malam ya zauna a karkace yana lissafa wa Ishatu sunayen waɗanda ba su zo ba.