Kafaɗar Baba Mai Fenti

Ludayi ya sake bugun bango, alamar kira. Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya zaga ɗakin maƙwabcinsa.

Baba mai fenti na zaune a bakin gado, ya tallabe gwiwar hannun dama. Tun da ya faɗo daga tsani kafaɗar nan take gocewa, da ya ɗaga hannu sama sai ta fice. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun yi nisa. Tela ne ya sauko masa da kwanoni daga saman kanta, ya sa wa rigunansa maɓallai a gaba, ya ɗaura robar da likita ya ce ya riƙa ja a mariƙin ƙofa.

"Ta sake fita, Baba?"

"Ta fita, ɗana. Ba ta son zaman gida, halin yarana ta ɗauko."

"Kana jan robar kuwa?"

"Ina dai kallonta."

Tela ya taɓa kafaɗar a hankali, don likita ya ce in ta goce kada kowa ya ja, a kawo shi. Ƙashin na nan daram a gurbinsa. Ya dubi tsohon, tsohon ya kau da kai wajen taga.

Duk da haka tela ya naɗe hannun da ƙyalle. Ya rataya masa shi a wuya, ya jawo kujera ya zauna.

Daga ranar bugun ludayi ya yawaita.

"Maigida, kafaɗar nan lafiyarta ƙalau," in ji matar tela. "Ɗinkin mutane fa yana jira."

"Na sani," ya ce, yana laluben takalmi.

Ran da bangon ya yi shiru har rana ta take, tela ya kasa ko zura zare a allura. Ya je ya tura ƙofar. Baba na kwance ta gefen hagu, ludayin kusa da yatsunsa, jikin ya riga ya yi sanyi.

'Ya'yan suka ce suna hanya, kada a jira su. Masu wankan gawar ba su san shi ba. Ɗayansu ya kama hannun dama zai ɗaga.

"Dakata, malam," tela ya ce. "Wannan ba a ɗaga shi sama."

"Ai yanzu ba zai ji ba."

"Ko da haka ne."

Ya tallabe gwiwar hannun da kansa har aka gama.

Da yamma ya shiga rufe tagar ɗakin. Da ya jawo ƙofa, robar ta yi ta lilo a mariƙi, sabuwa fil.