Keken Baba Lafiyarsa Ƙalau

A gidanmu akwai 'ya'ya da yawa da keke guda, kuma kowa ya san wanda Baba ya fi so. Keken ya girmi Yaya, ya girmi auren Baba da Mama. A kansa Baba ya yi aikin raba wasiƙu har ya yi ritaya. Ni dai tunda na yi wayo, Baba bai taɓa amsa gaisuwata ta safe ba sai ya fara matsa tayar keken ya ji yadda ta kwana.

Ranar da abin ya faru, ya jingine shi ne a bakin shagon aski. Wata likitar haƙori ta yi baya da motarta, ta haɗa shi da bango. Baba ya fito da rabin kai a aske, ya tarar da ƙafar gaba ta lanƙwashe, kan keken yana kallon sirdi. Matar ta yi ta ba da haƙuri, ta ce motarta na da inshora, za a biya diyya.

Yaya, wanda bai taɓa jin kalmar biya ya wuce ba, shi ya karɓe maganar. Ya binciko cewa irin wannan keke yanzu kayan tarihi ne, gyaransa na gaskiya sai ƙwararru. Kamfanin inshorar ya ce ya ji, amma da sharaɗi ɗaya: kada kowa ya taɓa keken sai ma'aikacinsu ya zo ya ga ɓarnar da idonsa.

"Baba, ka ji ko?" in ji Yaya. "Ko ƙura kar ka goge."

"Ni yaro ne?" in ji Baba.

Aka kwantar da keken a baranda. Ma'aikacin inshora kuwa kullum yana hanya. Baba ya daina cin abincin kirki. Sai ya jawo kujera ya zauna ya zuba wa keken ido, yana murza yatsu. Mama ta ɓoye akwatin sifana a bayan tukwane, ta manta da wa take aure. Wata safiya muka ga kan keken ya ɗan juyo gaba.

"Iska ce," in ji Baba.

Iskar nan ta ci gaba da aiki. Ta miƙe ƙafar gaba, ta ɗaure birki, ta zuba wa sarƙa mai. Da Mama ta tafi kasuwa, har baƙin fenti iskar ta shafa. Yaya ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Baba ya ce shi ba zai bar baƙo ya shigo gidansa ya tarar da kekensa yashe a ƙasa kamar na marar galihu ba.

Da ma'aikacin ya zo, wani siririn mutum ne mai gumi da jaka. Ya tarar da keke a tsaye yana ƙyalli.

"Ina wanda aka buge?"

"Ga shi gabanka," in ji Baba, ya harɗe hannuwa. "Nemo wurin, in ka isa."

Mutumin ya zagaya, ya durƙusa, ya leƙa, ya juya feda. Bai ga komai ba. Fuskar Baba ta cika da annuri, ta Yaya kuwa sai ka ce an watsa mata toka. Mutumin ba mugu ba ne, ya ga hoton da likitar ta ɗauka a ranar. Ya rage murya.

"Baba, ka taimake ni in taimake ka. Irin wannan bugu yakan tsaga ƙarfe ta ciki. Ka ce kawai keken ba ya hawuwa, sauran aikin nawa ne."

Yaya ya taka ƙafar Baba. Mama ta yi tari daga kicin. Ni na roƙe shi da ido.

"Wane keken ne ba ya hawuwa?" in ji Baba.

Ya naɗe ƙafar wando ya ɗale. Ya zagaya tsakar gida, ya sake zagayawa, har da sakin hannu ɗaya, abin da rabona da gani tun ina firamare. Ma'aikacin ya girgiza kai, ya rubuta cewa babu ɓarna, ya sa Baba ya sa hannu, ya yi sallama.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Baba ya ce bari ya je ya nuna wa mai aski. A bakin ƙofa muka ji ƙas! Ƙarfen tsakiya ya rabu gida biyu. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, kan keken a hannunsa, ƙafar baya tana ta juyi ita kaɗai.

Na so in yi dariya, wallahi na so. Amma na ga yadda yake shafa wurin da ya karye da babban yatsa, sai tausayinsa ya kama ni. Yaya ya zaro waya.

"Bai yi nisa ba, bari in kira shi ya dawo."

Baba ya riƙe masa hannu, bai ɗago kai ba.

"Bar shi ya tafi. An riga an rubuta cewa lafiyarsa ƙalau."