Kashi Casa'in da Takwas

Fasaha ba ta taɓa raba kowa da abincinsa ba, sauƙaƙa wa ɗan Adam aiki kawai take yi. Haka Manaja ya faɗa ranar da aka tara masu neman aiki a kamfanin jigilar kaya, haka kuma aka rubuta a bangon ɗakin taro da manyan baƙaƙe, don kada wani ya manta.

Auta ta kwafe maganar a littafinta. Shekararta biyu da gama karatun kwamfuta. Ta nemi aiki a wuri tamanin da wani abu, uku suka amsa, su ma don su yi mata fatan alheri. Wannan damar Kawu ne ya samo mata, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya shekara goma sha tara a ofishin da ke hawan ƙasa yana shigar da takardun direbobi cikin kwamfuta.

"Gwajin ba wuya," in ji Manaja. "Ki rubuta manhajar da za ta karanta takardun da direbobi ke cikewa da hannu, ta shigar da su da kanta. Mako uku. In ta yi daidai kashi casa'in da takwas cikin ɗari, aiki ya zama naki."

Aka ajiye mata kujera kusa da Kawu. Tebur shida ne a ofishin, huɗu an lulluɓe kwamfutocinsu da leda.

"Kawu, ina masu waɗannan?"

"An sauƙaƙa musu," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

A mako na biyu manhajar ta kai tamanin da ɗaya, ta kafe. Abin da ya rage yana cikin wani tsohon littafi da Kawu ke ɗaurewa da roba. A ciki ya rubuta wane direba ne ke sa kwanan wata a gurbin nauyin kaya, wane shago ne ya canja suna shekara takwas amma har yau direbobi na kiransa da sunan tsohon mai shi, wane ne in ya rubuta kwali ɗaya yake nufin dozin. Da ya duba sai ya mai da shi aljihu.

Ranar Laraba wata mata daga sashen ma'aikata ta sauko da abin awo.

"Sannu da aiki, Baba. Ɗan ɗaga ƙafarka."

Kawu ya ɗaga. Ta auna daga ƙarƙashin teburinsa zuwa taga, ta rubuta.

"Me za a yi a nan?" Auta ta tambaya.

"Ɗakin hutawa. Da kujeru masu laushi."

"Wa zai huta?"

"Mutanen sama mana," in ji matar, ta naɗe abin awonta ta fita.

Da aka tashi, suna tsaye suna jiran mota, Auta ta kasa haƙuri.

"Kawu, in manhajar ta kai casa'in da takwas, kai me za ka riƙa yi?"

"Manaja ya ce zan mai da hankali kan manyan abubuwa."

"Kamar me?"

"Bai faɗa ba. Ina jin sun fi ƙarfin baki."

"Ni dai zan bari."

"Ki bari?" Sai a lokacin ya juyo ya dube ta. "Ke Auta, har yanzu kanki bai gama nuna ba. Mutum goma sha ɗaya ke layi a bayanki, ni kuwa ba kawun ko ɗaya daga cikinsu ba ne. In ba ke ba, wani. Ga mota nan, shiga."

Washegari da ta buɗe jakarta a ofis, ta tarar da littafin a ƙarƙashin kwamfutarta, da robarsa. Kawu na ta buga takardu kamar bai san da zamanta ba. Har azahar ba ta taɓa littafin ba. Bayan azahar ta cire robar.

Ranar ƙarshe allon ɗakin taro ya nuna casa'in da takwas da ɗigo huɗu. Manaja ya tafa, kowa ya tafa. Ya nuna rubutun bango da yatsa, ya ce ga shaida nan an gani.

A gida Mama ta karanta takardar ɗaukar aikin sau uku, ta kira maƙwabta ta karanta musu ta huɗu. Da la'asar Kawu ya yi sallama, da leda a hannunsa.

"Ga mai gayya ya iso!" in ji Mama. "Allah ya saka maka, ka fitar da mu kunya. Kai kuma me ka ƙunso haka?"

Kofin shayinsa ne, da ɗan matashin da yake ɗorawa a kujera saboda ciwon baya.

"Wanki za a yi musu, Yaya."

"Shekara goma sha tara sai yau ka tuna? To kawo. Litinin za ka koma da su?"

Auta ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa takardar ido.

"In sun bushe," in ji Kawu, ya miƙa wa Mama ledar.