Ɗigo Ɗaya a Jaridar Şefik Bey

Shekara ashirin Şefik Bey yana rubutu a jaridarsa ta Istanbul kafin ya samu kujerar majalisa, kuma duk matan unguwarmu mun san minista yake hange. Matarsa har ta fara amsa gaisuwa da ka kawai.

Wata Talata ya rubuta yabon Nazmi Pasha, wazirin da naɗi da kora ke hannunsa, ya kira shi idon ƙasa. To, a rubutunmu na Turkanci na lokacin, na baƙaƙen Larabci, ɗigo ɗaya ne a harafin ƙarshe ya raba "ido" da "makaho". Agop Usta, tsohon da ke jera baƙaƙen dalma, ya ɗauko marar ɗigon. Jarida ta fita da makahon ƙasa.

Da hantsi Şefik Bey ya aika a tattaro ta, amma an riga an karanta a shagunan gahawa, kuma ba wanda ya yi dariya. Kafin azahar keken doki ya tsaya a ƙofarsa, mutum biyu suka shigo har falo da takalmansu, suka tafi da shi gidan Pasha.

Pasha ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo gahawa. Şefik Bey ya yi ta rantsuwa cewa kuskuren maɗaba'a ne. Yana cikin rantsuwar ya lura mutumin sai ya juyo da kansa gaba ɗaya yake dubansa. Idon Pasha na hagu yana nan kyakkyawa, amma ba ya ganin komai.

"Ɗana, mu uku muka san wannan," in ji Pasha. "Ni, da likitana, da uwar 'ya'yana. Wane ne ya gaya maka?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ɗigo ne."

"Sha gahawarka. Ɗigo ba shi da baki. Suna nake jira."

Şefik Bey ya dubi ƙofa, mutanen nan biyu suna tsaye. Bai taɓa ko haɗa hanya da likitan ba. Ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya ce likita ne.

Ran Juma'a aka naɗa shi minista. Asibitin likitan muka wayi gari a rufe, matar likitan ta daina zuwa gidan wanka, mu ma ba mu tambaya da ƙarfi ba.

Shi kuwa Pasha ya yarda ya samu mai kunne a ko'ina. Duk mako yakan kira sabon ministan, ya tura masa kofi, ya tambaye shi wa kuma ya ji yana magana. Şefik Bey bai taɓa fitowa bai bar suna ba.