Maganin Shaƙar Inna Barira

"Riƙe min wannan, 'yar nan," in ji Inna Barira, ta danƙa wa Aina'u ɗan gwangwanin maganin asmarta. Motar da za ta kai maniyyata sansanin alhazai tana ta ham a bakin hanya.

Aina'u matar maƙwabcinta ce, katangar kara kawai ta raba su. Ta nan take jiyo numfashin tsohuwar in ciwon ya tashi, kamar ana jan zarto, har sai ta fesa maganin a baki ya lafa.

"Inna, ai ba kya rabuwa da shi."

"Ke ba ki je bitar maniyyata a Kunci ba. Malam ya ce abin da ake dannawa ya yi fus, irin maganin sauro, ba a shiga jirgi da shi. Wuta yake kamawa. Ni ce zan ƙona baƙin Allah a sararin sama?"

"Da dai kin tambaya ko har da magani."

"A gaban maza? In miƙe in ce ina da ciwo, su ajiye ni a gida?" Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Zamzam na can yana jirana."

Aina'u ta buɗe baki, sai ga Iliyasu ɗan Inna ya shigo ɗaukar jaka, gumin kasuwar Dawanau bai bushe masa ba. Kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta matsa gefe. Inna ta fita tana yafe wa kowa.

Ranar Alhamis ana shanyar gyaɗa waya ta shigo. Ciwon Inna ya tashi a cikin jirgi. An yi mata abin da za a iya, amma ba a jima da sauka ba ta cika.

Gidan ya cika da mata. "Ta dace," suke cewa. "Mutuwa a hanyar Makka! Wa ya ba mu?"

Fauziyya, mai aiki a ɗakin shan magani, ta hangi gwangwanin a hannun Aina'u. Ta matso, ta rage murya.

"Wannan na Inna ne? Me yake yi a nan?"

"Ta ce an hana."

"Maganin sauro aka hana. Na ciwo ai a jakar hannu ma ake sawa, nunawa kawai za ta yi."

Aina'u ta kalli Iliyasu a bakin zaure, kansa a ƙasa yana amsa gaisuwa. Fauziyya ma ta kalle shi. Aina'u ta tura gwangwanin cikin mayafinta.

Washegari da sassafe Aina'u ta zaga gidan. Babu wanda ya tuna da kajin Inna, suna ta kuka a akurki. Ta buɗe musu, ta watsa tsaba, ta tsuguna a ƙofar ɗakin Inna da aka ja wa asabari har suka gama ci.